Kafin a Cire Albasa

Zaidu ɗana, ajiye tarun nan ka saurara yanzu. Ni ce innarka Kulu. Ina gaida Khadijatu da yara. Ya jikin yayata Dudu?

Ina asibiti a Ilori, ana kula da ni sosai. Allah ya haɗa ni da wata nas, Rahila, 'yar garin Wara ta can wajenmu, ita ke rubuta wannan. Jiya likita ya duba ni ya yi ta Turanci, kowa ya sunkuyar da kai. Na riƙe hannun Rahila na ce, "Ɗiyata, kar ki ɓoye mini." Ta ce, "Inna, ya ce wata uku suka rage miki." Na ce ni ban san watan Bature ba. Sai ta ce, "Kafin a cire albasa."

Na gode mata, Allah ya yi mata albarka. Ka zo ka mai da ni Yauri in ga ruwa.

Kafin 'yan kasuwa su ji, ka faɗa wa Dudu da bakinka.