Ummi da Sabon Gado

Nassarawa G.R.A., Kano.
Agusta, 2005.

Zuwa ga matata Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki? Ina ɗan'uwanki Yaya Lawan, yaya ɗawainiyar jinya? Allah Ya saka masa da alheri. Ya gaya mini a waya cewa aikin maƙogwaron ya yi kyau, sai dai likitocin Alƙahira sun hana ki magana har wurin ya warke. Shi ya sa na koma takarda. Alhaji Aliyu maƙwabcinmu zai taho miki da ita.

Mu nan duk lafiya, sai abu ɗaya, kuma don Allah kada hankalinki ya tashi. Ummi ta faɗo daga gadonta na jarirai. Ina banɗaki da safe ta ɗora ƙafa a kan shingen za ta tsallako, ta kifo da baki. Leɓenta ya fashe, an yi mata ɗan ɗinki, haƙora dai ba abin da ya same su. Gaskiya gadon ya yi mata kaɗan. Kanta na taɓa wannan ƙarshen, ƙafarta na tokare wancan, a dunƙule take kwana.

Na je Kawaji na sa kafinta ya yi mata ƙaramin gado mai gajerun ƙafafu. Ranar da aka kawo shi wuni ta yi tana tsalle a kai, har 'yar tsanarta ta kwantar ta lulluɓe. Na ce shi ke nan, an gama. Amma da lokacin barci ya yi sai ta ƙanƙame sandunan tsohon gadon da hannu biyu, ta yi kuka har ta yi amai. Na ɗaga ta na mayar da ita ciki.

Ke kika san yadda ake bi da yarinyar nan. Ki rubuto mini abin da zan yi. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Naki,
Inuwa.

Nassarawa G.R.A., Kano.
Satumba, 2005.

Hasiya tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata kina samun sauƙi, kina kuma iya haɗiye abinci yanzu. Takardarki ta iso, na karanta ta ban san iyaka ba.

Duk abin da kika ce na gwada. Na kai sabon gadon ɗakina, kusa da nawa. Na shimfiɗa mata zanenki. Na yi mata alkawarin zuwa gidan zu kallon namun daji. Ba wanda ya yi aiki.

Ƙanwata Ma'u tana zuwa daga Badawa ta taya ni, duk da wahalar abin hawa tun da Hisba ta hana mata hawa acaɓa. Ita ta ce, Yaya, ka ɓoye tsohon gadon kawai, za ta yi kukanta ta gama. Muka kai shi sito muka kulle. Ummi ba ta yi kuka ba. Zuwa ta yi ta zauna a ƙofar siton, ta ƙi abinci, ta ƙi ko shayi, har la'asar. Da hannuna na sake fito da shi.

Ina ɗaura shi tana tsaye a kaina, sai na ce, Ummi, me ya sa ba kya son sabon? Ta ce, "Mama ta ce in jira ta a nan. In na tashi ba za ta gan ni ba."

Sai a lokacin na tuna safiyar tafiyarki. Mota na jira a waje, kika sa ta a gadon don kada ta ga fitarki, kika ce ta kwanta a nan, yanzu za ki dawo. Ba laifinki nake gani ba, wallahi ni ma da haka zan ce. Amma ta riƙe maganar.

Na karanta mata wurin da kika rubuta cewa ta koma sabon gado, za ki same ta a can. Ta kalli bakina ta ce ba Mama ba ce, Abba ne. Jiya da Yaya Lawan ya kanga miki waya, na sa mata tawa wayar a kunne. Na san kina ji, na ji numfashinki. Ita kuwa ta saurara, ta miƙo mini ta ce babu kowa.

Na so in ce ki roƙi likita ya bar ki ki faɗa mata kalma biyu. A'a, kada ki yi, kada ki fama ciwon. Na jibge katifu a ƙasa kewaye da gadon, iyakar dabarata ke nan.

Ki gaishe da Yaya Lawan. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Inuwa.

Nassarawa G.R.A., Kano.
Nuwamba, 2005.

Hasiya,

Assalamu alaikum. Barkanmu da sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu. Yaya jikin? Yaya Lawan ya gaya mini komai: sai an sake aiki, kuma ba su da tabbacin muryar za ta dawo. Ya ce kin hana shi faɗa mini. Kada ki ji haushinsa, ni na matsa masa.

Ga labarin da na ɗauka zan rubuto miki da murna. Ummi ta koma sabon gado. Ba wanda ya sa ta. Na dawo daga ofis da rana na tarar tana barci a kai, ta miƙe ƙafafu sosai. Ma'u har guɗa ta yi. Da ta farka na ɗauke ta na ce Mama za ta ji daɗi. Sai ta zame ta koma wasanta.

Tun daga ranar nake lura da ita. Ta daina rugawa bakin ƙofa in ta ji ƙahon mota. In na nuna mata hotonki takan ce Mama, amma kamar yadda take cewa kaza ko mota in na nuna mata a littafi. Ranar sallah na sa mata rigar da kika aiko, ba ta tambayi wa ya saya ba.

Shekaranjiya bayan isha'i na kasa daurewa. Na nuna mata tsohon gadon na ce, Ummi, ba za ki jira Mama a can ba? Ta ja bargo ta ce, "Mama ba ta zuwa." Ba da kuka ba, ba da fushi ba. Ta juya ta yi barcinta.

Hasiya, na tsaya a kanta, zuciyata na ce mini in ɗauke ta in mayar da ita cikin wancan gadon da ya fasa mata baki. Har na miƙa hannu. Ban ɗauke ta ba, ban kuma san ko daidai na yi ba.

In an gama aikin, kada ki tsaya jiran murya. Ki taho a yadda kike. Ba sai kin ce mata komai ba, ta dai buɗe ido ta gan ki.

Allah Ya sa a yi aiki a sa'a, Ya dawo mana da ke lafiya.

Naki har kullum,
Inuwa.