Zaman Baƙo Kafin Tsere

Sorichique, tsakiyar Janairu

Zuwa ga 'yata Marciala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aiki kuma bai fi ƙarfinki ba. Yaya sanyin Chihuahua? Yaya mutanen gidan da kike wa aiki? Mu nan lafiya lau, sai ƙanƙara da ta kwanta a kan duwatsu, awaki ba sa yarda su fita sai rana ta ɗaga. Baƙar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya ya zauna. Ki yi haƙuri da rubutun nan mai kama da tafiyar tsutsa, kin san hannuna ya fi sabawa da gatari.

Tseren Urique ya matso, farkon Maris ne, kuma na ba da sunana. Na san abin da za ki ce game da gwiwata, to ki riƙe abinki, na riga na bayar. An ce bana taron zai fi na kullum. Samarin Batopilas za su zo, da 'yan birni, da dogayen Turawan nan masu goya ruwa a baya. Daga fitowar rana har faɗuwarta ana hawa ana gangarowa. Cirildo, ubanki na baftisma, ya same ni ina yanka tsohuwar taya zan yi sabon takalmi, ya ce wai kamata ya yi a ba ni kujera a inuwa in riƙa tafa wa yara. Na tuna masa shekarar da ya kwanta a gindin lemo ana tsakiyar tsere yana kiran uwarsa, sai ya koma zancen ruwan sama.

Ba gudun nake tsoro ba. Kin san tserenmu na gida: ƙwallon itace a gaba, ana cilla ta da ƙafa, gari duka na biye da mutum, mata na miƙo ƙwarya, wani na zaginka wani na kiran sunanka. Wannan kuwa takarda ce mai lamba za a manna maka a ƙirji, ba ƙwallo, kowa ta kansa yake yi. Wuri ɗaya ne mutum ke ganin nasa, wato bakin gada, inda hanya ke dawowa ta sake wucewa. Nan uwarki take tsaya mini da damun garin masara. Da ta rasu ke kika gaji wurin, har kina bina zagayen ƙarshe kina yi mini faɗa wai ina jan ƙafa. Bara da ba kya nan ban je ba, na ce wa mutane gwiwa ce.

Bana ne na ƙarshe, jikina ya faɗa mini. Ki roƙi uwar ɗakinki ta ba ki 'yan kwanaki, ki zo ki tsaya mini a gada. Ba na son in karɓi ruwa a hannun wanda bai san sunana ba. Zan ba Chuy direban motar katako wannan takarda, ya ce ya san unguwar.

Ki gaida kanki da kyau.

Mahaifinki,
Herculano

Sorichique, ƙarshen Fabrairu

'Yata Marciala,

Ina gaishe ki, ina kuma fata lafiyarki ƙalau. Ni dai ina nan. Ɗan akuyar ya fara cin ciyawa.

Ban sami amsarki ba. Chuy ya rantse mini ya sa takardar a akwatin ƙofar gidan da hannunsa. Na jira, na sake jira, duk motar da ta yi ƙara a gangare sai in bar abin da nake yi in tsaya. Da na gaji sai na bi shi da kaina. Ban sani ba ko kin san wannan, shi ya sa nake rubuta miki.

Ya sauke ni da safe a layinku, ya nuna mini gida mai koren ƙofar ƙarfe, ya tafi sauke kayansa. Na sa jar rigata ta biki da farin zane, na riƙo miki busasshiyar tuffa irin wadda kike so. Na yi abin da kowane baƙo mai hankali yake yi a wurinmu. Ban je bakin ƙofa ba. Na tsallaka titi na sami dakali na zauna, na ɗan juya gefe don kada in zura wa gidan ido, na bar masu gida su gama abin da suke yi su fito a lokacin da suka ga dama. Rana ta hau, ta zo tsaka. Wata mata ta wuce ta ajiye burodi kusa da ƙafata ba ta ko dube ni ba. Wani yaro ya nuna wa uwarsa takalmina. Can bayan tsakar rana labulen tagar sama ya motsa, na gyara zama, na kakkaɓe rigata. Ba wanda ya fito.

Da Chuy ya dawo da yamma ya tarar da ni a wurin, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba Herculano, a nan ai ƙararrawa ake dannawa. Ko shekara ka yi a dakalin nan ba mai leƙo ka." Na ce masa a wurinmu kare ne ke zuwa bakin ƙofa ba a kira shi ba. Ya ce bari ya danna mini. Na hana shi, na hau mota.

Zan faɗa miki gaskiya, tsoro ne ya sa na hana shi. In mutanen gidan ne ba su san baƙo ba, wannan ba komai, 'yan birni ne. Amma ke kin san abin da zaman nan yake nufi, a cikinsa kika girma. In ke ce a bayan labulen, kika ga tsoho da zane da takalmin taya kika ji kunya, gara kada in sani. Duk hanyar dawowa abin da ke cina ke nan, har yau kuma bai bar ni ba.

Gidan nan ya yi mini girma. Ina gudu da safe har ƙasan kwazazzabo in dawo, ba wanda zan ce wa yau gwiwa ta yi kirki. Na gasa masarar tseren da kaina, rabi ta ƙone. Niƙan ma tsaki-tsaki ya fito, don ba na iya daɗewa a durƙushe gaban dutse. Haka zan sha abina. Tuffar tana nan a rataye, ban taɓa ba.

Jibi za mu kama hanyar Urique da ƙafa, ni da Cirildo. Shi ba gudu zai yi ba, baki zai kai.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Herculano

Urique, jajibirin tsere

Marciala,

Ina gaisuwa. Lafiyarki kuwa ba sai na tambaya ba, za ki ji dalili.

Mun iso lafiya. Nan ƙasa zafi ake yi, gari duk ƙamshin furen lemo. An sauke mu a makaranta, kowa ya shimfiɗa bargonsa a aji. Jiya aka ba ni lambata. Na ga samarin Batopilas, ƙafafunsu kamar na barewa, na san ko ƙurarsu ba zan gani ba. Wani Bature ya durƙusa ya ɗauki hoton ƙafafuna daga hagu da dama, ya yi godiya ya tafi, bai ɗago ya ga fuskata ba. Garin cike yake da mutane, ban taɓa jin kaɗaici irin na jiya ba. Da yamma na je gada ni kaɗai, na duba falalen dutsen da uwarki take tsayawa, na sami wani rami a ƙarƙashinsa inda zan ɓoye garin masarata, in na iso in dama da kaina.

Yau da safe ina ɗaure igiyar takalmi Cirildo ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Abokina, kana da baƙuwa. Ko kai ma sai an danna maka ƙararrawa?"

Na leƙa ta taga. A tsallaken hanya, gindin mangwaro, wata mata ce zaune a kan dutse. Wando ta sa irin na 'yan birni, ta rage gashinta, jaka a cinyarta da ƙwarya a kai. Ta ɗan juya gefe, ba ta kallon makarantar. Ƙafar hagu a lanƙwashe ƙarƙashinta, yadda uwarki take zama. Cirildo ya ce tun kafin rana ta fito ya gan ki a wurin.

Ƙofar makarantar nan a buɗe take, kowa shiga yake yana fita, har karnuka. Kina iya shigowa, kina iya ƙwala mini kira. Amma kika zauna.

Ba zan tambaye ki zancen labule ba, yau ko wata rana. Na so in bar ki a kan dutsen nan har yamma ki ɗanɗana, har na faɗa wa Cirildo haka, ya ce ƙarya nake. Shi ya sa na ɗauko takarda, don in na fito yanzu bakina ba zai iya ba, kuma ba na son samarin Batopilas su ga tsoho yana hawaye tun ba a fara gudu ba.

Gobe kada ki dama da kauri. In kika ga ina jan ƙafa a zagayen ƙarshe, ki yi faɗanki, amma a hankali, akwai baƙi. Tuffarki tana cikin jakata, na zo da ita ban san dalili ba.

Ki ɗan ƙara haƙuri, ga ni nan fitowa.

Mahaifinki,
Herculano