Sun Kashe Is'haƙa Labbo, Ba Su Goge Gona Ko Ɗaya Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Haɗin Kan Manoma da Makiyaya ta Bakin Iyaka, a madadin Shugabanta da Majalisar Dattawanta, tana sanar da masu girma hakimai da dagatai da ardo-ardo da dukkan al'ummar Sabon Birni da Isa rasuwar Babban Jami'inta mai kula da ajiyar bayanai, Injiniya Malam Is'haƙa Labbo Turba, wanda 'yan bindiga suka tare a kan hanyar Bafarawa ranar Talata da hantsi, suka harbe shi, suka tafi da jakarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara shida marigayin ya yi yana aikin da da farko muka ɗauka ɓata lokaci ne. Tun da tashin hankali ya fara korar mutanenmu daga ƙauyukansu, ya riƙa bin su duk inda suka samu mafaka, yana rubuta iyakar gonar kowane magidanci, da burtalin shanu, da mashaya, yana ɗaukar muryar dattawan da suka shaida, domin ranar da za a koma gida kada wani ya tarar da baƙo a gonar ubansa. Ya kafa na'urar ajiya ɗaya a ofishinmu na Sabon Birni, ɗaya a Isa, duk abin da aka shigar a wannan sai waccan ta kwafe shi nan take.

Mu dai a ganinmu an gama. Shi kuwa ya kafe sai an ƙara da faifan ajiya da ba a haɗa shi da kowace na'ura ba, wanda zai riƙa sabuntawa duk mako da hannunsa, ya hau babur ya kai shi wani wuri. Har tsokanarsa muke yi da Sarkin Tsoro. Sai ya tuna mana cewa mahaifinsa, marigayi Ardo Labbo, bai taɓa tara garkensa wuri guda ba, kullum akwai wani kaso na shanun a hannun dangi can nesa. Ya ce na'urori biyu masu kwafar juna shanu ne masu shan ruwa a kwami ɗaya, cutar da ta kama ɗaya sai ta kama ɗayar.

A daminar bara maganarsa ta tabbata. Wani mara tsoron Allah ya samu hanyar shiga na'urar Sabon Birni ya goge bayanan gonaki ɗari uku da sha biyu, ta Isa kuwa ta yi biyayya ta goge nata kafin ƙiftawar ido. Da faifan nan da muke yi wa dariya Is'haƙa ya dawo da su cikin yini guda. Tun daga ranar aka fara aiko masa da saƙon ya bar wannan aiki, shi kuma bai fasa fita ko mako ɗaya ba.

Ga waɗanda suka tare shi, da waɗanda suka aiko su suna zaune a inuwa suna jiran gonakin bayin Allah, muna faɗa muku da babbar murya: faifan da ke cikin jakar nan ku riƙe shi. Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba za mu gaya muku adadinsu ko inda suke ba. Kun raba mu da mutumin da ba mu da kamarsa, wannan ya yi mana ciwo, kuma ba mu yafe ba. Amma abin da kuka kashe shi dominsa bai zo hannunku ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa Malama Bilki, da 'ya'yansa huɗu, da mahaifiyarsa Hajiya Fadima, da ɗaukacin zuri'ar Ardo Labbo. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya jiƙansa, Ya karɓi shahadarsa, Ya haskaka makwancinsa, Ya tona asirin duk mai hannu a jininsa.

Jiya bayan addu'ar uku, a gaban dattawa, muka buɗe ajiyar da ya bari. Gonaki dubu biyu da ɗari shida da goma sha huɗu, babu wadda ta ɓata. Ta ƙarshe da ya shigar ta Inna Hajo ce, wata tsohuwa da aka kashe wa miji da ɗa, wadda wasu suka riga suka fara kafa turaku a gonarta. Mun buga mata takardarta da safiyar nan, ta karɓa da hannunta, ta ce a faɗa wa masu turakun su cire su kafin ruwan shuka.

Sa hannu:
Alhaji Abubakar Siddiƙ Wakili
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Haɗin Kan Manoma da Makiyaya ta Bakin Iyaka, Sabon Birni