Takardar Bangon Littafin Sadik

Daren Laraba

Ban taɓa gaya wa kowa ba: ina son Sadik, bakaniken unguwar Suame da ya kawo littafin addu'o'in mamansa shagonmu don Baba ya sake masa bango.

Ni na yi takardar cikin bangon. Na ɗiga shuɗi da ja kan ruwan ƙaro, na ja mataji har zanen ya fito kamar jelar ɗawisu, sannan na shimfiɗa takardar a kai ta ɗauki zanen. Da ta bushe, na rubuta masa wasiƙa a bayanta.

Kai, wautata! Gefen nan Baba zai shafa wa gam gobe. Ko ya karanta, ko ya manne ta har abada.

Na ɗauko ta daga shago. Baba zan yi masa wata da asuba. Wannan kuwa, da hannuna zan miƙa wa Sadik.