Giji

Laraba da dare, Maris 2007, Samaru

Na gode Allah, an yi an gama. Yau ne na fara jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata ta coci tun rasuwar maigidana Bulus. Kwana uku ina haddar sunayen Allah na Ibrananci daga littafin rubutunsa: Elohim, El Shaddai, Adonai. Shi ya iya su. Ni dā sauraro kawai nake yi ina tsintar shinkafa.

Ina cikin bayani sai Mama Ngozi, mai shagon atamfa a Sabon Gari, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, waɗannan na ji. Amma Ubangiji da muke faɗa kullum fa, me yake nufi?" Bulus bai rubuta wannan ba. Na juya takarda gaba da baya.

Sai Kaka Saratu, wadda ko karatu ba ta iya ba, ta ce mini daga bencin baya, "Ke 'yar nan, ai Hausa ce. Giji shi ne gida a bakin mutanen dā. Uban gida ke nan." Mata suka yi dariya.

Wata bakwai ke nan dangin Bulus suna cewa in tattara yara in koma ƙauye, wai gidan da ba uba ba gida ba ne. Har na karɓo kwalayen haɗa kaya wurin wani mai shago a unguwarmu.

Ɗazu na kulle ƙofa, na leƙa yaran suna barci. Gobe zan mayar wa mai shago kwalayensa. Gidan nan da uba.