Abin da Aka Faɗa a Rediyo Ranar Awo

Jiddari Polo, Yerwa, babban birnin jiharmu
Watan Sha'aban, 2013

Zuwa ga yayana, Ya Ba'ana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wushe da aiki, wushe da zaman Legas. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ya Aisa da yara duka, ya kuma sa albarka a kasuwa. Mu nan lafiya, gwargwadon abin da ake kira lafiya a Yerwa yanzu. Dattijon gidanmu Baba Gana ƙafarsa ta sake kumbura, ba ya zuwa masallaci sai an riƙe shi. Autata Muhsinat ta warke daga zazzaɓi, ta koma makaranta, ko da yake rana ɗaya a buɗe, rana ɗaya a rufe. Ni hawan jinin nan yana nan, ina shan magani. Manyan 'ya'yana, Ammatullahi da Hashim, jikinsu lafiya lau, amma saboda su na ɗauki alƙalami.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfurata na shiga ajin manya. Da can Ammatullahi ce take rubuta mini, to wannan ba maganar da zan miƙa mata biro ba ce. Waya kuwa tun da aka yanke layi a faɗin jihar nan ba mu sake jin muryar kowa ba. Kashim direba ya ce zai kawo maka hannu da hannu.

Ban sani ba ko labarin ya iso muku. Wata Talata, wasu 'yan bindiga da aka biyo daga wani shinge suka faɗa cikin wani ƙaramin asibitin haihuwa a Moduganari, suka kulle ƙofa. Ranar awon ciki ce, mata cike da benci. A cikinsu akwai Rebeka, matar Pindar. Ka san Pindar, abokin Hashim ɗin nan ɗan Askira da suka shiga aikin ɗan sanda tare, wanda ya yi ta ɗawainiya da tabarmi ranar rasuwar baban su Hashim. Cikin Rebeka ya tsufa. Ita da bakinta ta gaya mini daga baya cewa da mutanen suka shigo, wata mata da ba ta taɓa gani ba ta cire hijabin sama ta jefa mata, ta ce idan an tambaye ta suna ta ce Aisa. Ka san yadda abin yake: yau a garin nan ba a cewa matar ɗan sanda da ƙarfi, ko a cikin gida.

An kawo su Hashim suka kewaye wurin. Yadda ya bayyana mini, shugabansu bai yi niyyar kutsawa ba. Ya sa an kashe janareta, an tare hanya tun daga gidan mai, ya aika Bulaman unguwa da ruwa da burodi ya tsaya a ƙofa yana yi musu magana a hankali. A gefe guda kuma wasu 'yan sandan cikin kayan gida sun shiga gidan da ke bayan asibitin suna sassaƙe katanga kaɗan-kaɗan. Dabarar ita ce a bar su su gaji, ƙishi ya kama su, su ɗauka ba abin da ke tafiya sai surutun Bulama. Hashim ya ce mini a irin wannan aiki shiru shi ne rabin makami. Abin da ba wanda ya tuna da shi shi ne 'yar rediyo mai batir da ke kan teburin karɓar kati, wadda kullum a kunne take.

Ni ina gida, kuma abin da ya fara zuwa mana jita-jita ce. Aka ce an kashe kowa a ciki. Ba waya, ba mai tabbatarwa. Maza suka fara fita da gudu, mata ba mayafi. Ana cikin haka na ji muryar Ammatullahi a rediyo, daga motar nan mai eriya ta gidan rediyon da take aiki, tana cewa ba a kashe kowa ba, Bulama ya ga matan da idonsa, kowa ya zauna a gida don Allah. Ya Ba'ana, na ga mutane sun juyo daga bakin titi saboda maganar 'yata. Ba zan ɓoye maka ba, a lokacin kaina ya yi girma.

An ce motar ta tsaya a gidan mai, kada ta wuce. Hashim ne a bakin igiyar da aka tare hanyar da ita. Ammatullahi ta ce masa daga nan ba ta ganin komai, ya bari ta matsa zuwa gindin darbejiya inda dangin matan suka taru. Ya ce an hana. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye, ta ce yaushe ya yi girman da zai tare mata hanya. Kai ka san tarbiyyar gidanmu, ƙarami ba ya musu da babba a gaban mutane. Ita ta goya shi lokacin da nake zuwa kasuwa. Ya ɗaga mata igiya.

A gindin bishiyar akwai mahaifiyar Pindar, tsohuwa, ta zo da ƙafa tun daga nan unguwar. Ta riƙe hannun Ammatullahi tana kuka, ta ce a bar ta ta roƙi jama'a addu'a. Wa zai hana tsohuwa? Ammatullahi ta miƙa mata abin magana. Da kunnena na ji, ina zaune a tsakar gida: "Ku taya ni addu'a, surukata Rebeka tana ciki, matar ɗana Pindar ɗan sanda, mai tsohon ciki. Ɗana ma ga shi can bayan asibitin da 'yan'uwansa suna ƙoƙari." Ta yi yadda duk muke yi ne. Mu ba mu iya kiran mutum shi kaɗai ba, sai mun ce 'yar wane, matar wane, mai aiki kaza, don a san wa ake yi wa addu'a. Ni kaina da na ji, amin na ce. Ban ga komai a ciki ba.

Rebeka ta ce rediyon na gama faɗa, ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya ɗauke ta daga kan tebur ya ƙara murya, sannan ya fara bin mata ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wace ce Rebeka. Duk masu ciki ne, ba wadda ta ɗaga kai. Biyu daga cikin 'yan bindigar suka nufi bayan gini. Da Bulama ya ji muryoyi sun canza sai ya yi wa 'yan sanda alama, dole suka shiga a lokacin, katangar ba ta gama buɗewa ba. Pindar ne ya fara cusa kai ta ramin. Matan duk sun fita da rai, alhamdu lillahi, har wata ta haihu a motar da ta kwashe su. Amma an harbi Pindar a cinya, kuma likitoci ba su iya ceton ƙafar ba.

Tun ranar Hashim bai kwana a gida ba. Ya kwashe kayansa ya koma bariki. Idan ya zo gaishe ni, a zaure yake tsayawa, sai ya tambayi Muhsinat ko yayarsu tana ciki. Idan tana ciki, ya ba da saƙon gaisuwa ya juya. Sau ɗaya suka haɗu a gabana. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce mata su suna aiki da rayukan mutane, ita tana aiki da labari, kuma ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta wa ke saurare ba. Ita ta ce ba don rediyo ba da rabin Yerwa ta afka wa igiyarsu, da an harbi wanda bai ji ba bai gani ba. Ta ce kuma ya tuna abin da kan biyo baya a unguwa idan ba idon kowa, yadda ake kwashe samari. Ranar ba a taɓa yaron kowa a Moduganari ba, don motarsu tana tsaye. Ya ce ta je ta faɗa wa Pindar haka. Ta tashi ta shige ɗaki. Daren nan ban ga ta ci abinci ba.

Na yi ta juya maganar, ni da ba boko mai zurfi ba. Idan na saurari Hashim sai in ga gaskiyarsa: mai bindiga ma yana da kunne, kuma abin da aka faɗa kai tsaye ba ya komawa baki. Idan na saurari Ammatullahi sai in tuna yadda hankalina ya kwanta da na ji muryarta, ni da sauran iyaye da ba mu da wata hanyar sanin komai. Yanzu ta ce a wurin aikinsu ta tsaya kai da fata, in irin wannan ta sake faruwa, sai an naɗi magana an saurara kafin a saka, kuma ba za a ambaci suna ko aikin wanda ke ciki ba sai ya fito. Wasu abokan aikinta sun ce wata tasha za ta riga su. Ta ce a bar tashar ta riga su. Na aika wa Hashim da wannan, ya ce madalla, amma ba zai tsirar da ƙafa ba.

Na je duba Pindar. Ya rame, amma har ya tsokane ni, wai yanzu takalmi ɗaya zan saya masa da Kirsimeti, na samu sauƙi. Rebeka ta sauka, namiji. Ta ja ni gefe ta roƙe ni kada kowa ya gaya wa tsohuwar cewa maganarta ce ta jawo, don har yau ba ta sani ba, tana ta gode wa Ammatullahi da ta bar ta ta nemi addu'a, ta ce addu'ar ce ta fitar da surukarta. A nan na fahimci ɗana. Ba zai iya fushi da tsohuwar ba. Ba ya kuma iya kallon hannunsa da ya ɗaga igiya. Sai ya tattara duka ya ɗora wa yayarsa, ita kuma ta karɓa, don tana ganin ta cancanta.

To ga abin da ya hana ni barci. Hashim ya nemi a mayar da shi aiki kudu, can nesa, kuma an ce masa da azumi ya kama za a ba shi takardar tafiya. Bai gaya mini ba, Pindar ne ya faɗa mini. Idan ya tafi a haka, na san halinsa, halin babansa ne, shekaru za su wuce bai buɗe baki ba. Kuma a wannan zamani wanda ya fita da safe ba a da tabbacin dawowarsa, balle a ce sai wata shekara za a shirya.

Ni uwa ce, idan na yi magana kowannensu gani yake na goyi bayan ɗayan. Kai ne kawunsu, kai ka tsaya a matsayin uba tun da babansu ya rasu, kuma Hashim bai taɓa tsallake maganarka ba. Ba na roƙon ka yanke hukunci wa ya yi daidai, ni kaina na kasa. Ba na ma cewa ka hana shi tafiya. Ka rubuta masa da hannunka, ka ce kafin ya bar Yerwa ya shigo cikin gida, ya wuce zaure, ya zauna ya ci abinci kwano ɗaya da yayarsa. Ita ma ka sa mata layi biyu, ka ce ta daina hukunta kanta da yunwa.

Ka gaishe mini da Ya Aisa da kyau, da ɗanku Ya'akubu da amaryarsa, da ƙananan duka. Baba Gana yana gaishe ka, ya ce ka daɗe ba ka zo ba. Muhsinat ma tana gaisuwa.

Kashim zai juyo da mota kafin a ga wata. Don Allah kada ka bar shi ya taso hannu wofi. Amsarka ta iso kafin ranar farko ta azumi, don bayan nan ban san adireshin da zan kai ta ba.

Ƙanwarka,
Falmata