Tafiretar Rahila

Landan, Maris 1995

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Mama da ƙanwata Rahila da mutanen Ƙofar Marke. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai sanyi.

Baba, an kawo mana kwamfuta ofis. Ba zan kushe ta ba: in ka yi kuskure, nan take ka goge, ba yaga takarda. An yi ta don kowa ya iya, kuma kowa ya iya. Maigidana da yatsa biyu yake buga wasiƙunsa yanzu. Ni da ka koya wa buga tafireta da yatsa goma, sau biyu a mako kawai ake nemana. Kada Mama ta ji. Ina cin abinci.

Na ji za ka sayar da gonar Dundaye ka saya wa Rahila tafireta. Don Allah ka dakata. Na san tafireta ce ta ciyar da mu lokacin da kake aiki a sakatariya. Amma tamu ta nan, irin taka sak, ni aka sa na kai ta bola. Na daɗe tsaye kafin na iya ajiye ta.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ɗanka,
Irmiya